Inna da Hoton Samarin Fagam

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Inna ta rasu ranar wata Alhamis da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa, a ɗakinta na cikin gidanmu da ke Birnin Kudu. Kakata ce, ita ta haifi mahaifina, amma duk gidan Inna muke ce mata, 'ya'ya da jikoki, har da maƙwabtan da furfurarsu ta kusa kamo tata. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ta sha kunu, ta ce a buɗe mata taga, kafin Goggo, ƙanwar mahaifina, ta dawo daga madafi rai ya yi halinsa.

Na zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida tare da Baffa, ƙanin mahaifina, kuma tun ranar farko na lura da wani abu da ya soma ba ni haushi. Mutum zai zo ya zauna, a yi addu'a a shafa, ya ce ya haƙuri, mu ce mun gode Allah. Maimakon ya tashi, sai ya ɗan yi jim, ya rage murya, ya tambaya ko hotunan suna nan lafiya. Wani dattijo daga Unguwar Ya, da aka ɗauko a bayan babur da kumburarriyar ƙafa, ya ce shi mahaifiyarsa tana cikin adakar Inna, kuma duk duniya ba shi da inda yake zuwa ya gan ta sai nan. Wani tsohon direba ya ce motarsa ta katako tana ciki, shi da ita, tun yana da haƙora. A cikin gida ma, in ji matata, haka matan suka yi ta yi: a yi kuka, a fyace hanci, a tambayi a hannun wa makulli yake. Da la'asar Baffa ya gaji, ya sunkuyo ya ce da ni, "Kai ka ce gidan tarihi aka rufe, ba uwata ce ta mutu ba."

Amma ni ma ina da nawa a cikin adakar. Ban taɓa ganin mahaifina ba. Ya rasu ina ciki, mahaifiyata ta bi shi ina shekara uku, kuma hotonsa ɗaya ne tak a duniya, yana cikin kayan Inna. A lokacin gani nake ni dai na riga na ciri rabona, shi ya sa har nake da bakin jin haushin wasu. Ashe kwana biyu kawai wannan kwanciyar hankali ta rage mini.

Adakar baƙa ce, ta ƙarfe, irin wadda ake kai amare da ita a da, tana ƙarƙashin gadonta a kan bulo biyu saboda gara. A ciki akwai albam uku masu kaurin bango, kowanne a naɗe cikin tsohon zane, da busasshen ganyen darbejiya a tsakaninsu. Asalin abin ba nata ba ne. Kakana, wanda muke kira Malam, tela ne a kasuwa, rumfarsa tana jikin ta wani mai hoto. Da mai hoton zai bar gari, sai ya bar masa jaka guda ta hotunan da aka ɗauka ba a zo an karɓa ba, ya ce ko masu su za su waiwayo. Malam ya kawo gida ya jefa bayan ƙofa. Inna ce ta zazzage su a tabarma, ta riƙa zuwa gidajen suna da na biki da su a haɓar zane, tana tambaya wannan ɗan wa ne, wannan 'yar wace ce. Wanda ta samu mai shi ta ba shi. Da yawa suka kalla suka yi dariya, suka ce ta ajiye musu, wajenta ya fi tsaro.

Daga baya aka yi wani zamani da wa'azi ya yi zafi a kan hoto, magidanta suka riƙa tattara na gidajensu suna cinna musu wuta. Sai mata suka fara shigowa wajen Inna da nasu a ƙarƙashin mayafi. Ita kuwa ba ta yi musu da kowa ba. Ta ce ita ba malama ba ce, abin da ta sani dai ba ta rataye kowa a bango ba, a rufe suke, kuma ba ta salla tana fuskantar gadon. Haka tsohuwar kasuwa ta shiga adakar tun tana rumfunan kara, da ranar da aka kafa famfo a unguwarmu, da 'yan mata masu doka a ka, da tsofaffi masu tsagar da yanzu an daina yi. Har ɗalibai masu rubutu a kan tarihin gari suna zuwa, su zauna a gabanta da biro suna rawar jiki, ita da ko harafi ɗaya na boko ba ta sani ba.

Tana da dokokinta, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Kafin a buɗe albam sai ta ce, "Ku wanke hannu, mutane za ku gaisar." Ba a ajiye shi a ƙasa, a cinya ake ɗorawa. Idan damina ta wuce takan fito da su su sha iska a inuwar zaure, in wani mai wayo ya ce ai rana ta fi kashe sanyi, sai ta ce sun sha rana da ransu, ta ishe su. Babu suna a bayan hoto ko ɗaya. Duk a kanta suke, kuma ba ta tsayawa a suna. Za ta gaya maka uban mutum, da garin da kakansa ya fito, da cewa wannan rigar da yake taƙama da ita aro ce, ta san mai ita. Ni malamin firamare ne, na taɓa ɗaukar littafi a wani dogon hutu na ce zan rubuta duka. Na gama albam na farko da rabin na biyu, makaranta ta koma, na ce sai wani hutun. Hutu nawa aka yi bayan nan, kunya ba za ta bar ni in ƙirga ba.

Akwai wani maƙwabcinmu da ya fi kowa zafi a zamanin ƙona hotuna, har ya taɓa tsayawa a ƙofar gidanmu yana faɗa wa Malam magana a kan adakar. Shekaru suka ja, mahaifiyarsa ta rasu. Wata rana da yamma sai ga shi ya yi sallama, ya gaishe da Inna, ya sake gaishe ta, ya kasa tashi ya kasa magana. Ina zaune ina jiran in ji yadda za ta rama, don ni da ni ne sai na rama. Sai ta jawo adaka, ta buɗe albam na biyu daidai inda matarsa ta ɓoye hoton tsohuwar tun wancan lokaci, ta ɗora masa a cinya, ta ce da ni in zo in taya ta duba akuyarta. Ba abin da ya samu akuyar. Mun daɗe a tsaye a bayan gida muna kallon ta tana tuƙa.

Ni da ita wasan jika da kaka muke yi, har na yi gemu ba mu daina ba. Maigida take ce mini, mijin da ba ya cefane, ni kuma in ce na sake ta tun bara ita ce ta ƙi tafiya. Babu abin da ba na iya faɗa mata, sai abu ɗaya. Inna 'yar Fagam ce, can bayan Gwaram, gidan masu shanu. Fillanci ya bar bakinsu tun zamanin iyayenta, amma kunya ba ta bar su ba, kuma mahaifina ɗanta ne na fari. A wajensu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Ana yaye shi aka kai shi Fagam wajen iyayenta. A can ya tashi yana kiwo, a can ya yi aure, a can zazzaɓi na 'yan kwanaki ya ɗauke shi yana da ashirin da 'yan kai. Mutanen Birnin Kudu kusan ba su san shi ba. Na girma a ɗakin matar da ta san sunan kakan kowa a garin nan, ban taɓa jin sunan ubana a bakinta ba.

Malam ne ya tsegunta mini, ina ɗan shekara goma, shekarar da shi ma zai rasu. Yana ɗinki ya ce, ba tare da ya ɗago ba, ubana yana cikin hoton samarin Fagam, in je in tambayi matata, wato Inna. Na san hoton. Ƙarami ne, bai fi tafin hannu ba, baƙi da fari, ba a manne yake ba, yana cikin wata 'yar takarda a bangon baya na albam na uku. Shi kaɗai ne Inna ba ta ɗora wa kowa a cinya. Da hannunta take riƙe shi, ta gefen dama, ta ɗan nesanta shi, ta bi samarin ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɗan gidan wanzami ne. Wannan mai sunan Malam ne, don ba ta faɗar sunan mijinta ko a kan wani. Wannan ya tafi kudu da shanu bai dawo ba. Fuska shida nake gani, biyar take yi wa bayani. Idan ta zo kan na huɗu, wani dogo mai faffaɗan kunne, sai ta tsallake shi kamar ba ya wurin. Na taɓa kunnena na ji shi ma faffaɗa ne. Tun daga ranar na yi uba.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske, kuma a kan wannan ne. Lokacin an haifa mini 'yar fari, zuciyata ta cika, na shiga ɗakinta na ce ta nuna mini shi da yatsa, sau ɗaya, ba sai ta faɗi suna ba. Ta yi kamar ba ta ji ba. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Na ce ta nuna wa duk garin nan iyayensu, har wanda ya zage ta, amma ni da na tashi a gabanta maraya ta hana ni nawa saboda wata al'ada da ba aya ba ce ba hadisi ba. Na ce wannan ba kunya ba ce, rashin tausayi ne. Ta dube ni, leɓenta yana rawa, na ce yau dai za ta faɗa. Sai ta ce, "Maigida, tuwonka zai huce." Kwana uku ba ta tsokane ni ba, ni ma ban shiga ɗakin ba. A na huɗu ta aiko mini da fura mai yaji irin wadda nake so, maganar ta mutu a nan.

Da wayoyi masu ɗaukar hoto suka zo, sai na ce na samu hanya. Wata rana tana nuna wa wasu baƙi hoton, na faki idonta na ɗauka ta saman kafaɗarta. Na kai shagon da ake wanke hoto, aka yanko mini dogon nan shi kaɗai, aka ƙara masa girma, aka sa a firam, na buga ƙusa na rataye a falona da ke ɗaya sashen gidan. Na tara 'ya'yana na ce ga kakanku. Ranar da Inna ta shigo ta gani, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayanta. Ta daɗe a tsaye. Can ta ce, "Allah ya ji ƙansa, yaron kirki ne." Ta juya ta fita. Na ce alhamdu lillahi, wannan ita ce iyakar shaidar da kunya za ta bar ta ta bayar. Shekara takwas ina yi wa wannan fuska sallama duk safiya.

Ranar sadakar uku gida ya cika, har aka kai wasu baƙi mata falona. Ana cikin rabon waina matata ta leƙo zaure ta yafito ni, fuskarta ba daɗi. Na tarar da wata tsohuwa daga Sara, dangin Inna na nesa, zaune a ƙasa daidai ƙarƙashin firam ɗin, tana kuka irin wanda ba na gaisuwar mutuwa ba.

"Ɗan nan," ta ce, "a ina kuka samo maigidana?"

Na durƙusa na ce, "Iya, wannan mahaifina ne."

Ta goge ido da mayafi ta sake dubawa, don ta yi mini adalci. Sannan ta ce ta zauna da mutumin nan shekara talatin da wani abu, ta san kunnen nan, ta san tabon da ke saman girarsa inda saniya ta taɓa shi da ƙaho. Na matsa na duba, ga tabon nan, ni da nake ɗauka datti ne a jikin hoton. Ta ce shi ma a Fagam ya tashi, tare suka yi kiwo da mahaifina, kuma sunansu ɗaya, har sai an ce babba ko ƙarami ake gane wanda ake nufi. Ita ma ba ta faɗi sunan ba, mijinta ne. Na tambaye ta ko ta san fuskar mahaifina, ta ce wallahi ba ta taɓa ganin sa ba, bayan rasuwarsa aka kawo ta.

A nan na gane abin da na yi wa kaina. Inna tana iya cewa mai sunan Malam, amma ba za ta iya cewa mai sunan ɗana ba, shi ya sa take tsallake bawan Allahn nan. Ranar da ta gan shi a bangona kuma, kafin ta ce ba shi ba ne sai ta yi maganar ɗanta na fari da bakinta. Sai ta yi wa ɗan mutane addu'a ta fita, ta bar ni da uban aro. Na fito tsakar gida ban san inda nake sa ƙafa ba. Na buɗe wayata na nemo hoton na asali, na ƙirga. Fuska shida, kowacce yanzu da mai ita. A kusurwar dama kuma babban yatsan Inna, ja da lalle, inda take riƙewa kullum.

Makullin yana hannun Goggo, ƙanwar mahaifina, ta ce ba za a taɓa kayan mamaciya ba sai an yi bakwai an tara magada. Na ce ba ɗauka zan yi ba, gani zan yi. Ta ce mutane za su ce me. Ban san lokacin da na zube a gabanta ba, ni da nake da 'ya'ya biyar, a gaban matan unguwa, ina cewa ta yi wa Allah ta yi wa Annabi. Ta kwance makullin daga haɓar zanenta ta miƙo mini. Na shiga ɗakin, har yanzu ƙanshin man kaɗanyarta yana nan. Na jawo adakar, sai na tuna, na fita na wanke hannu na dawo.

Wannan ne karo na farko da hoton ya zauna a tafina babu hannun Inna a kai. Samari bakwai ne. Shekara talatin da biyar ina ƙirga kawuna, ban taɓa ƙirga ƙafafu ba. Na bakwai yana can ƙarshe ta dama, da takalmin taya, da riga mai gajeren hannu, da sanda a dogare. Daga wuya zuwa sama babu komai. Takardar ta cinye a wurin, ta yi fari sumul, ta ɗan lotsa, gefenta ya rine da jan lalle. Na kai shi bakin taga, na karkata shi ta kowace fuska, na haska da fitilar waya da rana tsaka, ko inuwar ido ɗaya ta rage. Ba abin da ya rage.

Na nuna wa Baffa. Ya ce yana shekara shida aka yi rasuwar, sau biyu ya taɓa ganin yayan nasa, abin da ya riƙe kawai wani mutum ya taɓa ɗaga shi ya ɗora a bayan bijimi. Goggo ba ta ma yi wayo ba a lokacin. Amma da ta ga wurin sai ta toshe baki. Ta ce tun tana yarinya, idan an yi azahar gida ya yi shiru, takan ga Inna zaune a bakin gado da hoton nan, yatsanta yana kai da komo a kai. Ita duk zatonta ƙura take gogewa.

Saura mutum ɗaya. Inna tana da ƙane a Fagam, wanda tare suka tashi da mahaifina a gida ɗaya, Kawu muke ce masa kamar yadda mahaifina yake ce masa. Bai zo gaisuwa ba saboda tsufa, ga yanar ido ta hana shi gani. Washegari da sassafe na bar tabarmar makoki na hau babur, na san za a yi da ni, ban damu ba. Duk hanya, daga Sara har Gwaram har na hango duwatsun Fagam, abu ɗaya nake faɗa wa Allah: samari bakwai ne, ko ɗaya daga gidajensu a samu wani kwafin, ko da gara ta ci rabinsa.

Na same shi a gindin tsamiya a ƙofar gida, yana murza igiya. Muka yi wa juna gaisuwa, ya yi wa yayarsa addu'a mai tsawo. Da na ambaci hoton sai ya yi murmushi, ya ce ya tuna ranar sarai. A kasuwar Gwaram aka ɗauka, bayan salla, wajen wani mai hoto da ke shiga cikin baƙin ƙyalle. Mahaifina ya makara wajen ɗaure bijimi, shi ya sa ya tsaya a ƙarshe, kuma sandar da ke hannunsa ta Kawu ce, ya ara don ta fi tasa kyau. Na tambayi kwafi nawa aka wanke. Ya ce ɗaya, aka bar wa mahaifina saboda shi ne mai shirin aure. Bayan rasuwar shi da kansa ya kai wa Inna, tare da rigar mamacin. Ba ta miƙa hannu ba, ta ce ya ajiye a can. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi ko an samu ruwa a wajensu.

Na ce, "Kawu, to faɗa mini kamanninsa."

Ya ce yana tafiya yana ɗan jan ƙafar hagu. Ya ce in ya yi dariya sai ya riƙe ciki, kuma yana da wani irin fito da in ya yi shanu suke ɗago kai tun daga fadama. Ya gwada yin fiton, iska kawai ta fito.

"Fuskar fa, Kawu? Fari ne ko baƙi? Hancinsa, idonsa. Ko ya yi kama da ni?"

Ya ajiye igiyar da yake murzawa. Sannan ya ce, "Ɗana, tun da idon nan ya tafi fuskoki suke bin sa, ɗaya bayan ɗaya. Tasa ta daɗe da tafiya. Ban damu ba, na ce ai tana wajen Yaya a ajiye."

Ya miƙo hannu na sa masa hoton. Ya bi shi da yatsu a hankali daga hagu, har ya kai ƙarshe, ya tsaya a inda ya lotsa. Ya tambaye ni me ya samu nan. Na gaya masa abin da na gani da abin da Goggo ta faɗa. Ina jiran ya yi salati, ko ya taya ni jin zafin abin da aka yi mini. Sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Ya ce shekara ashirin da wani abu yaron nan ya yi a duniya, in Yaya ta zo Fagam ganin gida, ya shigo gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Bai taɓa ganin hannunta a kansa ba, ko sau ɗaya.

"Ashe tana taɓa shi," ya ce.

Ba zan yi ƙarya a kan mamaciya ba, kuma ba zan yi wa kaina ba. Har yau akwai safiyar da nake tashi da fushinta. Ta adana wa garin nan fuskar direba da ta mai waina da ta uwar mutumin da ya zage ta, ba ta bar gara ta taɓa ko ɗaya ba, fuska ɗaya tak ta lalace a adakar nan, ita ce tawa, kuma da hannunta. Wata safiyar kuma sai in tuna ranar da na ce mata ba ta da tausayi, in tuna rawar leɓenta, in rasa inda zan sa kaina. Ina jin lokacin ma an riga an gama, babu abin da ya rage da za ta nuna mini, kuma ta sani.

Bayan an yi bakwai magada suka bar mini adakar, don ba mai son ɗawainiyarta. Firam ɗin na kai wa tsohuwar nan har Sara. Ba ta taɓa mallakar hoton mijinta ba, ta karɓa da hannu biyu, ta kifa shi a cinya saboda surukanta suna wurin. Ƙusar tana nan a bangon falona, ban cire ba. Yanzu duk Asabar ina ɗaukar albam ɗaya da rabin da suka rage ina bin tsofaffi gida gida, ina roƙon su su duba kafin su ma su tafi. Wasu fuskokin an gane, da yawa an ce sai dai Inna.

Allah ya ji ƙan Inna, ya yafe mata, ya yafe mini abin da na faɗa mata. Allah ya haɗa ta da ɗanta a inda babu surukai babu idon mutane, ta kira shi da sunansa har ta gaji.

A littafina, a shafin samarin Fagam, na rubuta lamba ta bakwai na sa sunansa cikakke. Hoton kuma na sa shi a leda na liƙe bakinta. Domin sau biyu na kama kaina zaune a bakin gado bayan azahar da yatsana a wurin, kuma kafaɗunsa ne kaɗai suka rage mini.